Daga Akwatin Bango Zuwa Oba-oba: Waiwayen Rediyo a Ƙasar Birnin Gwari

Hanyar jirgin ƙasa da Turawa suka shimfiɗa daga Baro, wadda ta isa Kano a 1911, ta bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ta bar Birnin Gwari can yamma cikin dajinta. Wannan ratsewar ta daɗe tana bin garin. A farkon zamanin Turawa duk wani sabon abu, gidan waya ne, jarida ce, kantin kamfani ne, dogo yake bi, garin da dogo bai taka ba kuwa sai ya jira. Labari yakan iso ƙasar Birnin Gwari a bakin fatake da manzannin sarki, daga baya kuma a bakin direbobin manyan motocin da ke bin hanyar Kaduna zuwa Tegina su gangara Ikko, ko masu sauka daga Funtuwa. Dajin kansa an keɓe wani ɓangarensa tun 1936 a matsayin gandun En'e, shi ne ya zama gandun Kamuku na ƙasa a 1999. Garuruwa irin su Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da Damari suna warwatse ne tsakanin duwatsu da ƙoramu da itatuwa, da damina ma wasu sai an yi da gaske ake kai musu. Wanda ya san wannan ƙasa zai gane abin da ya sa rediyo ta samu gurbin da ta samu a cikinta.

Rediyon farko da Arewa ta sani ba ta isa irin waɗannan wurare ba, don ita ma da waya take tafiya. BBC ta fara watsa shiri zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka a watan Disamba na 1932. A 1935 aka kafa tashar da ke kama shirin a Ikko ta rarraba shi ta waya zuwa gidajen masu biyan kuɗi, irin wannan tasha kuma ta iso Kano a 1944, sannan ta bazu zuwa wasu manyan garuruwa. Abin da ake kawo maka gida akwati ne na katako da lasifika a ciki, a kafa shi jikin bango, kana biyan haya. Ba ka da zaɓin tasha. Iyakarka ka ƙara murya ko ka rage. An kuma kakkafa manyan lasifikoki a wuraren taruwar jama'a domin waɗanda ba su da halin haya. To amma wa zai ja waya kilomita ɗari da wani abu daga Kaduna ya ratsa daji saboda ƙauyuka? Akwatin bango ya zama kayan birni.

Akwai rediyo mai kama iska kai tsaye a lokacin, mai ƙwayaye na gilashi a ciki waɗanda sai sun yi zafi sun yi ja kafin murya ta fito. Tana da nauyi, tana da tsada, tana son lantarki ko wani ƙaton batir. Sai a gidan hakimi ko alƙali ko babban malamin makaranta ake ganinta, mutane su taru a zaure bayan sallar isha'i. Turawa sun yi ƙoƙarin sauƙaƙa ta: a 1949 kamfanin Ever Ready ya ƙera wata mai jikin tukunyar ƙarfe a kan fam 5 domin mutanen Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau. Amma abin da ya sauya al'amarin baki ɗaya shi ne taransista, ɗan ƙanƙanen abu da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, wanda ke yin aikin ƙwan gilashi ba tare da zafi ko cin wuta ba. Rediyon aljihu ta farko ta shiga kasuwar Amurka a 1954, Sony ta Japan ta fito da tata a 1955, kafin a jima kuma National da Philips da Sanyo sun cika kantunan Sabon Gari a Kano da kasuwar Kaduna. Batir huɗu na tocila sun isa. Manomi zai iya sayen ta da kuɗin gyaɗa ko auduga, ya ɗaure ta a keke.

Ta kuma zo a kan gaɓa. Ranar 13 ga Maris 1957 Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin farko na Sashen Hausa na BBC. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. A 1963 Jamus da Sin suka fara nasu shirye-shiryen Hausa, Masko da Alƙahira ma suna yi, Muryar Amurka ta shigo a 1979, Faransa sai 2007. A ƙetaren iyaka, Nijar ta kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a ƙauyuka tun 1962. Harsunan Afirka kaɗan ne manyan ƙasashe suka yi wa irin wannan rububi. Ga Rediyon Kaduna kuma da Zaɓi Sonka da Jakar Magori da wasan Samanja, ga waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, ga tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ɗahiru Bauchi da azumi. Mutumin Randagi da bai taɓa zuwa Kaduna ba ya san sunayen masu gaishe-gaishe na Gusau da Nguru, ya san abin da ake ciki a Kwango da Falasɗinu. Baƙin labari ma ta nan ya zo: ranar Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, daga Rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa na juyin mulki bayan an kashe Sardauna.

Duk wannan a kan gajeren zango ya tsaya, shi ya sa dattawanmu suka haddace mita 49 da 41 da 31 da 25 da 19 kamar sunayen unguwanni. Igiyar gajeren zango takan tashi sama ta bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, can nisan ɗaruruwan kilomita, ta dawo ƙasa a wata nahiya. Dutse bai tare ta, daji bai tare ta. Rana ce ke sarrafa wannan rufi, don haka tashar da ka kama tangaram da asuba a mita 41 sai ka neme ta a mita 19 ko 16 da rana tsaka. BBC ta riƙa harbo Hausa daga tsibirin Ascension da ke tsakiyar tekun Atlantika, Jamusawa daga Kigali, Amurkawa daga Sao Tome, Kaduna kuma tana kan mita 49 da mita 60.

Abin da ba kasafai ake faɗa mana ba shi ne waɗanda suka gano amfanin wannan zango. Ba gwamnati ba ce, ba kuma kamfani ba. Wasu mutane ne masu sha'awar harhaɗa na'urorin wayar iska a gidajensu, suna kiran juna da dare. A 1912 dokar Amurka ta kore su daga dogayen zanguna, ta ce su koma ƙasa da mita 200, wurin da ake ganin ba shi da wani amfani. Suka koma, suka yi ta gwaji. A watan Nuwamba na 1923 wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy a birnin Nice da wani Ba'amurke Fred Schnell a Connecticut suka yi musayar saƙo ta ƙetaren teku a wajen mita 110, da wutar da ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada da ta manyan tashoshi. Nan fa idon kowa ya buɗe. A 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris. Har yau suna nan, kowa da lasisinsa da lambar kiransa. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu da lamba JY1, Rajiv Gandhi na Indiya ma haka. Lambobin Najeriya suna farawa da ZD2 a zamanin Turawa, bayan 'yancin kai suka koma 5N, na Nijar kuma 5U.

A nan ne nake ganin mun yi rabin gado. Mun karɓi kunne, mun riƙe shi fiye da kusan kowa, amma baki bai zo hannunmu ba. Masu lambar ZD2 da 5N yawancinsu Turawa ne ma'aikata da wasu injiniyoyi 'yan birni. Na'urar aika magana ta zama kayan hukuma: 'yan sanda, soja, ofisoshin gwamnati da ke aika saƙon wayar iska zuwa hedikwata. Dokar wayar iska ta 1961 ta wajabta lasisi, wannan kuwa daidai ne, ko'ina a duniya haka ake yi. Sai dai ƙasar da aka saba jin juyin mulki ta bakin rediyo ba za ta sake jiki da farar hula mai na'urar watsa magana a ɗakinsa ba. Sha'awar ba ta samu sarari ta yi saiwa a makarantunmu da garuruwanmu ba.

Amma fasahar ta yi saiwa ta wata ƙofa, ƙofar mai gyaran rediyo. Ina ganin ba a taɓa ba wa mutumin nan haƙƙinsa ba a tarihin zamanancin ƙasar Hausa. Kowace kasuwar mako tana da shi, a rumfa ko a gindin bishiya, da teburi cike da gawarwakin rediyo. Inda babu lantarki, a gawayi yake gasa ƙarfen narka dalma, ya ciro shi da zafinsa ya yi liƙi biyu ko uku kafin ya huce. Galibi bai yi karatun injiniya ba, a wurin maigidansa ya koya, shekara da shekaru yana share shago yana kallo kafin a bar shi ya kwance murfi. Ba shi da takardar zanen na'ura. Yana da kunne da yatsa. Zai taɓa ƙafar maɓallin ƙara murya da bakin sukudireba, idan lasifika ta yi gurnani ya san ɓangaren murya lafiya lau, ciwon yana gaba, wajen kama tasha. Zai bi layin dalma da ido ya gano inda ya tsage. Ya san zaren da ke jan allura idan ya tsinke yadda ake naɗa sabo a kan ƙarfen murɗawa, zagaye nawa, ta wane gefe, aikin da ke sa ƙwararre ma gumi. Ya san cututtukan ƙasarmu: ƙurar hunturu da ke shiga maɓalli ta sa shi ƙarar yashi, ruwan batir da ya fashe ya cinye sifirin, kyankyasai da suka yi gida a kan allo, danshin damina da ke sa tsatsa. Kayan gyara kuwa daga matattu ake ciro su a sa wa masu rai. Rediyo ɗaya da ta mutu murus takan tashi uku.

Masu rediyon ma da tasu dabarar. A shanya batir a rana don ya ƙara kwana biyu. A ɗaura waya a eriya a jefa ta kan rufin kwano ko reshen ɗorawa. A kai wa baduku ya ɗinka mata riga ta fata da maratayi, ya huda wajen lasifika. Makiyayi a dajin Kamuku ko Kuyambana, sanda a kafaɗa ɗaya rediyo a ɗaya, ba abin mamaki ba ne a wancan zamani, kuma yakan riga ɗan birni jin labarin duniya. Rediyo tana shiga kayan ɗaki, tana shiga rabon gado. Abu ne da ake saye da niyyar a mutu a bar shi.

Abubuwa uku suka taru suka kwance wannan. Na farko rediyon Sin mai araha, irin su Kchibo, wadda aka tattara hanjinta cikin ɗan guntun abu guda da ba ya gyaruwa, kuɗin sabuwa kuma bai fi ladan gyara da yawa ba. Na biyu tashoshin FM da suka yawaita bayan an ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo a 1992. Muryarsu garau, amma igiyarsu iyakarta inda ido zai iya hangowa daga kan hasumiya, tana raunana kafin ta ratsa duwatsun yammacin Kaduna. Na uku wayar salula, wadda ta shigo a 2001. Yaran masu gyaran rediyo suka koma gyaran waya, masu rabo suka nufi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Manyan tashoshin ma suka fara janye jiki. Jamusawa sun rufe tasharsu ta Kigali a 2015, gajeren zangon Kaduna ya sha yin shiru na tsawon lokaci, a watan Maris na 2025 kuma Sashen Hausa na Muryar Amurka ya ɗauke ɗif bayan umarnin Shugaba Trump.

A Turai da Amurka da Japan, lokacin da tsofaffin na'urori suka fara zama shara, sai waɗancan masu sha'awa suka tashi tara su. Suna neman AR-88 ta kamfanin RCA, wadda aka yi amfani da ita wajen satar jin saƙonnin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, nauyinta ya kai kilo 45. Suna neman KWM-2 ta Collins da ta fito a 1959, da na Eddystone ta Birmingham, da FT-101 ta Yaesu, da na Heathkit waɗanda ake sayarwa a warwatse mai saye ya harhaɗa da hannunsa. Yadda suke farfaɗo da su akwai darasi. Ba sa jona na'urar da ta yi shekara talatin a ajiye da wuta kai tsaye, domin kwandansa, wato 'yan kwalaben da ke riƙe caji, sukan bushe ko su yi yoyo, wuta na shiga sai su fashe ko su ƙona taransifoma, ita kuwa ba a samun madadinta. Sai an sauya su tukuna, sannan a riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan ana saurare ana shinshina. Ƙwayayen gilashin da ake zargi sau da yawa lafiyarsu ƙalau. A wanke maɓallai, a sa mai a inda ke juyawa, a daidaita 'yan dunƙulen waya har tasha ta faɗo daidai inda allura ta nuna. Suna kuma gargaɗin juna kullum cewa na'urar aika magana mai ƙwan gilashi tana ɗauke da ɗaruruwan bolt, wani lokaci ko bayan an kashe ta, kuma tana kisa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gyaran rediyo na kasuwar ƙauye zai ga hannu ɗaya ne. Bambancin shi ne su sun rubuta, sun adana takardun zane, sun koya wa na baya, sun kuma riƙe izinin yin magana.

Wannan izini ya yi rana a wurare da dama. Da igiyar ruwa ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya a Disamba 2004, wasu masu wannan sha'awa da suka je can don gwaji su suka zama hanyar aika saƙo. Da guguwar Maria ta rusa turakun waya a Puerto Rico a 2017, an tura wasu daga cikinsu su taimaka wa masu agaji.

Birnin Gwari ta ga nata irin ranar. Bayan shekaru na kashe-kashe da satar mutane da shanu, hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar soja, a ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi har da Birnin Gwari, kamar yadda Zamfara ta yi a farkon watan. An hana hawa babur, an dakatar da kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Sai ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido da sabis. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, kuma ba na raina nauyin da ke kan waɗanda suka yanke shawarar. Amma a waɗannan makonni talaka ya koma inda kakansa yake a 1960. An zaro rediyo daga ƙarƙashin gado, an nemo batir, mutum yana cikin garinsu yana jin abin da ya faru a ƙauyen da ke kusa da shi ta bakin Landan ko Kaduna. Yana ji, amma ba ya iya cewa ga mahara nan sun doso, ko ga mai naƙuda tana neman mota. Su kuwa na cikin daji, rahotanni sun yi ta nuna suna da wayar oba-oba, wadda ba ruwanta da ƙarfen sabis. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk tarihin nan: na'urar magana ta farko da ta yaɗu a dajin Birnin Gwari ba tare da hukuma ba, a hannun masu ɓarna ta yaɗu.

Alhali abin da ake buƙata ba wani abin a zo a gani ba ne. Waya mai tsawon mita 20, a ɗaure ta ƙasa-ƙasa tsakanin bishiyoyi biyu, da na'urar gajeren zango da batirin mota. Idan eriya ta yi ƙasa haka, igiyar takan miƙe sama sosai ta dawo ta sauka a kewaye, kamar ruwan da aka watsa sama da ƙwarya, ta rufe ɗaruruwan kilomita ba tare da hasumiya ko ɗaya ba. Daga Kuyello za a ji ka a Birnin Gwari, a ji ka a Kaduna da Zariya. Sojoji sun daɗe da sanin wannan, masu aikin agaji ma haka. Na san amsar da za a ba ni, cewa a irin wannan daji duk wanda aka gani da na'ura abin zargi ne, kuma abin da mutumin kirki zai riƙe mugu ma zai iya ƙwacewa. Gaskiya ne. Shi ya sa ba zan ce kowa ya je ya sayo ba. Amma asibiti da makarantar sakandare da fadar hakimi wurare ne da aka san su, ana iya ba su lasisi da lamba da mutumin da aka horar, jami'an tsaro suna sauraro. Hana mai gaskiya bai hana ɓarawo ba.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe, motoci suka dawo hanya. Tare da su 'yan gwangwan ma sun dawo, masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. Tsohuwar National ko Philips ko Grundig a wurinsu 'yar jan ƙarfe ce da maganaɗisun lasifika, sauran a ƙona. Haka na'urorin wayar iska da ke jibge a ɗakunan ajiyar tsofaffin ofisoshi. Gidajen tarihi irin su Arewa House a Kaduna da Gidan Makama a Kano su ne mazaunin da ya dace da wasu daga cikinsu, kwalejojin fasaha na Kaduna da Zariya kuma su karɓi masu sauran rai su koyar da su. Tsofaffin masu gyara da suka rage, waɗanda ido ya fara gajiya, a zaunar da su gaban ɗalibai da na'urar ɗaukar murya tun suna iya nuna yadda ake naɗa zaren allura. Wanda kuma yake da rediyon mahaifinsa a ɗaki, ya fara da cire tsohon batirin da ke ciki yau, ya goge sifirin, ya naɗe ta a leda ya ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da danshi. Idan mai ƙwan gilashi ce, kada ya jona ta da wuta sai wanda ya san aikin ya buɗe ya duba.